Hawan Kilimanjaro: Kwana Nawa Ka Saya, Wa Kuma Ya Ɗauki Kayanka?

 

 An nemi in yi magana a kan tafiyar ƙafa ta kwanaki a kan dutse mai aman wuta a ƙasashe masu zafi. Irin waɗannan duwatsu ba su da wuyar samu. Akwai Rinjani a Indunusiya, akwai Dutsen Kamaru a nan maƙwabta, mai tsayin mita 4,040, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Amma zan tsaya a kan guda ɗaya, wato Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, domin shi ne mafi tsayi a Afirka, kuma shi ne samarinmu suka fi tambaya a kai tun da suka fara ganin hotunansa a Facebook. Maganata guda ce. Mutum yana isa ƙololuwar wannan dutse ne da yawan kwanakin da ya ba jikinsa, kowane kwana kuwa kuɗi ne, kuma idan aka zaftare kuɗin, a wuyan wani bawan Allah zaftarewar take sauka.

Mu fara da girmansa. Tsayin Kilimanjaro mita 5,895 ne daga doron teku. Dalar Kano da muke hawa muna haki, ƙololuwarta mita 534 ce. Wuri mafi tsayi a duk Najeriya shi ne Chappal Waddi a Jihar Taraba, mita 2,419. Na Nijar yana can tsaunukan Bagzan a Azbin, ya ɗan haura mita 2,000. To, wanda ya bi hanyar Marangu zai yi kwanan farko a zangon Mandara, kimanin mita 2,700. Wato tun daren farko ya kwanta a saman duk wata ƙasa da ke Najeriya da Nijar, alhali ko rabin tsayin dutsen bai kai ba.

Kawuna uku gare shi. Shira, babban wansu, ya rufta tun zamanin da babu mai ba da labari, ya zama shimfiɗaɗɗen fili a can sama. Mawenzi, mai mita 5,149, iska da ƙanƙara sun zaizaye shi har ya koma tsinaye, ba mai hawansa sai gwanayen igiya. Kibo shi ne ƙaraminsu a shekaru, shi ne kuma mafi tsayi, a gefen bakinsa ƙololuwar Uhuru take. Kibo bai mutu ba, barci yake yi. Wanda ya leƙa ramin da ke tsakiyarsa zai ji warin farar wuta yana tasowa daga ƙasa har yau. Ba a taɓa rubuta amansa a tarihi ba, don haka ba wutarsa ce abin tsoro ga matafiyi ba. Sai dai kasancewarsa dutsen wuta ya shafi tafiyar daga tushe har sama. A ƙasa, tokarsa ce ta ba Wachaga, mutanen da ke zaune a gindinsa, ƙasar noma da ba ta gajiya, suna shuka kofi a inuwar ayaba, suna janyo ruwan ƙoramu ta magudanan da kakanninsu suka haƙa. A sama kuwa, dutsen duk kafofi ne, ruwa na sauka yake nutsewa, sai ka yi wuni ba ka ga ko ɗigo ba.

Baturen da ya fara ba da labarinsa shi ne Johannes Rebmann, ɗan mishan daga Jamus, a 1848. Da ya rubuta cewa ya ga dusar ƙanƙara a kan dutsen da ke kimanin digiri 3 kudu da layin ikwaita, masana a Landan suka ƙaryata shi. Wani mai suna William Cooley ya shekara da shekaru yana musu daga kan kujerarsa, bai taɓa taka gabashin Afirka ba. Allah ya raba mu da irin wannan ilimi. Sai a ranar 6 ga Oktoba, 1889 Hans Meyer na Jamus da Ludwig Purtscheller na Ostiriya suka taka ƙololuwar. Meyer ya gwada a 1887 ya kasa. Abin da ya canza a karon nasara shi ne tsari: ya kafa zanguna hawa-hawa, ana kai musu abinci da ruwa daga ƙasa, har suka iya zama kwanaki a sama ba tare da sun sauko ba. Wanda ya zauna da su a zangon sama cikin wannan sanyi, yana dafa musu abinci yana kula da wuta, wani mutumin Pangani ne mai suna Mwini Amani. Ku riƙe wannan suna, domin littattafai da yawa sun tsallake shi. Meyer ya laƙaba wa ƙololuwar sunan sarkin Jamus. A ranar 9 ga Disamba, 1961, ranar da Tanganyika ta sami 'yancin kai, wani hafsan soja mai suna Alexander Nyirenda ya kai tuta da fitilar 'yanci can sama, daga baya sunan ya koma Uhuru.

Yanzu ga abin da ke kayar da mutane. A kan Kilimanjaro ba a buƙatar igiya ko ƙugiya a manyan hanyoyinsa, tafiya ce kawai da ƙafa. Wannan sauƙi shi ne tarkonsa. Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, a Kano haka, a Uhuru ma haka. Abin da ke raguwa shi ne nauyin iskar. A ƙololuwa ya ragu zuwa kusan rabin na bakin teku, saboda haka kowane numfashi rabin abin da ka saba samu yake kawo maka. Jiki yana iya sabawa: numfashi ya ƙaru, ƙoda ta daidaita jini, a hankali ƙwayoyin jini su ƙaru. Amma sabon nan ba a yi masa dole, kwanaki yake ci. Ƙa'idar da likitocin tsaunuka suka gindaya ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada tsayin wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya, kuma a huta kwana guda bayan kowane kwana 3 ko 4.

Ku ɗauki wannan ƙa'ida ku aza ta a kan tafiyar kwana 5 ta hanyar Marangu, wadda ita ce mafi araha. Daren farko Mandara, 2,700. Dare na biyu Horombo, 3,720. Dare na uku zangon Kibo, kimanin 4,700, kuma ba kwana ne na gaskiya ba, domin da tsakar dare za a tashe ka ka nufi 5,895. Mita 1,000 kowace rana ke nan, ninki biyu na abin da likita ya yarda da shi, babu hutu ko ɗaya. A ganina sayar da wannan tafiya ga mutumin da ya taso daga ƙasa irin tamu cin amana ne, ko da doka ba ta hana ba.

Kada wani ya ce shi ɗan ƙwallo ne ko yana gudu kullum da asuba. Martina Navratilova, gwanar tanis da duniya ta sani, a Disamban 2010 sai da aka sauko da ita daga dutsen nan a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ruwa ya taru a huhunta, ta ƙare a asibiti a Nairobi. Hasali ma samari masu jini a jika sun fi shiga haɗari, don su ne ke wuce kowa a rana ta farko suna dariya. Wani zai kawo mini Karl Egloff, wanda a 2014 ya hau ya sauko cikin awa 6 da minti 42. Gaskiya ne. Amma mutumin ya tashi ne a Ikwado, cikin tsaunukan Andis, sana'arsa ke nan, kuma sai da ya saba da tsayin kafin ranar gudun.

Alamun ciwon tsayi suna farawa da ciwon kai, tashin zuciya, ƙin abinci da rashin barci. Wannan kusan kowa na ɗanɗana, kuma maganinsa a dakata, kada a ƙara hawa sai ya lafa. Masu kisa guda biyu ne. Idan ruwa ya shiga huhu, mutum zai riƙa haki ko yana zaune, yana tari, wani lokaci da kumfa mai ja-ja. Idan ƙwaƙwalwa ta kumbura, zai riƙa tangaɗi, magana ba kan gado, kuma shi ne zai fi kowa rantsuwa cewa lafiyarsa ƙalau. Jagora nagari zai ja layi a ƙasa ya ce ka bi shi, dunduniya na taɓa yatsu. Ka kasa, sai saukowa, ko da ƙarfe biyun dare ne. Akwai ƙwayar Diamox da ke taimaka wa jiki ya saba da wuri, tana sa yawan fitsari da jin tsikari a yatsu, likita ne ke rubuta ta, kuma ba ta maye gurbin kwanaki.

Akwai maganar da ta shafe mu kai tsaye, wadda ba za ku gani a tallan kamfanoni ba domin ba don mu aka rubuta shi ba. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya yana ɗauke da rukunin jini na AS. A nan gida mai AS lafiyarsa lau, wataƙila ma bai san yana da shi ba sai ranar gwajin aure. A tsayi mai yawa, inda oksijin ya yi ƙaranci ga kuma ƙishirwa da gajiya, ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, kuma jagoran da bai san zancen ba zai ɗauka ɓacin ciki ne. Ban ce mai AS ba zai hau ba, na ce ya ga likita tukuna, ya kuma gaya wa jagoransa. Mai sikila, wato SS, wannan dutse ba nasa ba ne.

Bari in bi da ku ta hanyar Machame ta kwana 7, domin ita ce ke nuna yadda ake wa jiki dabara. Daga ƙofar Machame, kimanin mita 1,800, ana shiga kurmi mai duhu, gansakuka ta lulluɓe itatuwa, birai baƙaƙe masu farin gashi na tsalle a sama, ƙasa kuwa taɓo. Wannan gefen kudu yana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara. Kashegari kurmin ya ƙare, sai gajerun itatuwa da hazo. Rana ta uku ita ce ranar hikima: ana tashi daga Shira, wajen mita 3,800, a hau har Hasumiyar Lava, mita 4,600, a ci abincin rana a can kai na sarawa, sannan a gangaro Barranco a kwana a wajen mita 3,900. Wanda bai gane ba zai ce an yi asarar wuni, tunda an kwana kusan inda aka tashi. Alhali an nuna wa jiki abin da ke jiransa ne, sannan aka bar shi ya yi barci inda zai iya. A kwarin Barranco za ku ga wasu tsirrai dogaye masu kauri, sun fi mutum tsayi nesa, busassun ganyayensu ba sa faɗuwa, suna nan manne a jikin kara suna kare shi daga sanyin dare. Da safe sai katangar Barranco, kimanin mita 250, inda ake ajiye sanda a kama dutse da hannu. Ta fi ban tsoro daga nesa.

Duk tsawon tafiyar kalma ɗaya ce a bakin jagorori: "Pole pole." Wato sannu-sannu. Kakanninmu fatake da suka yi ta kai-komo tsakanin Kano da Gwanja za su gane wannan tsari nan take: madugu ne ke yanke zango, kuma gudun ayari shi ne gudun wanda ya fi kowa rauni. Sannu ba ta hana zuwa.

Daren ƙarshe kafin ƙololuwa a Barafu ake yin sa, wajen mita 4,670, kan wani tudu na duwatsu tsirara inda iska ke neman tsige tanti. Ana cin abinci da la'asar sakaliya, a kwanta ba barci. Wajen ƙarfe 11 a tashe ka da shayi da biskit. Ka sa riga a kan riga har biyar, safa biyu, ka ɗaura fitila a goshi. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000, saboda haka wanda ya baro garin Moshi da ke gindin dutsen yana gumi zai tarar da sanyin da ya yi ƙasa da sifili da digiri 10 ko fiye. Hunturun Jos wasan yara ne. Ruwan gora yana daskarewa daga baki, shi ya sa ake kife ta a cikin jaka ko a sa ta cikin riga. Abin da kake gani kawai shi ne dunduniyar na gabanka, in ka ɗaga kai kuma sai jerin fitilu a sama har ka rasa bambanta su da taurari. Ƙasar tsakuwa ce da toka, ana hawanta da dare ne domin sanyi ya ɗaure ta, in rana ta yi sai ta riƙa zamewa. Taku ɗaya, numfashi biyu. Bayan awa 6 ko 7 sai Stella Point, mita 5,756, daidai lokacin da gabas ke yin ja a bayan Mawenzi. Daga nan zuwa Uhuru kusan awa guda. Ba a daɗewa a can, hoto ne da hamdala, sai juyowa. Kuma a ranar nan za a gangara har wajen mita 3,100, tafiyar da jimillarta kan kai awa 12 zuwa 15. Gwiwa a saukowa take kuka. Wanda ya kai Uhuru ana ba shi takardar shaida mai ruwan zinariya, wanda ya tsaya a Stella kuma mai ruwan kore.

Wani zai tambayi zancen salla. Matafiyi ne kai, ƙasaru da haɗa salloli sun halatta, in ruwa zai cutar kuma ga taimama, duwatsu ba su ƙare ba. Abin da zai ba ku mamaki shi ne alƙibla. Mu nan gabas muka sani, amma daga Kilimanjaro Makka tana arewa ne, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Cikin ma'aikatan dutsen akwai Musulmi da dama, tambaya ɗaya ta isa.

To, mu zo ga kuɗi, inda maganar take da ɗaci. Doka ba ta yarda kowa ya hau ba tare da jagora mai lasisi ba. Dutsen gandun ƙasa ne tun 1973, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1987. A shekarun baya-bayan nan hukumar gandun ta riƙa karɓar dala 70 a kowace rana daga baƙo, dala 50 a kowane daren tanti, dala 20 kuɗin ceto, sannan harajin kashi 18 a kai. Ku lissafa kwana 7, za ku ga ya doshi dala 1,000 kafin a sayi ko da ƙwai ɗaya. Wannan kuɗin ba ya ragi. Saboda haka idan wani kamfani ya kawo maka farashin da bai wuce wannan da yawa ba, tambayi kanka daga ina ya rage. Wuri biyu ne kawai: kwanakinka, da cikin ɗan dako.

Kowane mai hawa yana da 'yan dako 3 ko 4 a bayansa. Su ke ɗaukar tanti, tukunyar gas, dankali, kujeru, har da bokitin bayan gida. A ƙofa akwai sikeli a rataye, ana auna kowane ƙunshi, ƙa'ida kilo 20 ban da kayan ɗan dakon na kansa. Ka tsaya ka kalli layin nan da safe. Za ka ga wani ya sa takalmin roba, wani rigar ƙwallo ce a jikinsa da siririyar suwaita, zai je inda kai ka sa riga biyar. Kana karyawa suna naɗe tanti, kana tafe su wuce ka da kaya a ka suna ce maka sannu, ka iso zango ka tarar an kafa komai har da ruwan ɗumi na wanke hannu. A Barafu babu ruwa ko kaɗan. Shayin da aka ba ka da ƙarfe 11 na dare, wani ne ya ɗauko ruwansa a jarka daga kwarin Karanga, tafiyar awoyi a ƙasa. Su ma ciwon tsayi na kama su, sanyi na kashe su, sai dai ba a buga labarinsu a jaridun Turai. Jikokin Mwini Amani ke nan a wannan sana'a. Akwai ƙungiyar KPAP a Moshi, wadda tun 2003 take ba 'yan dako aron tufafin sanyi kyauta, tana kuma bin diddigin kamfanoni a kan albashi, abinci sau uku a rana da nauyin kaya. Tana fitar da sunayen waɗanda suka cika sharuɗɗa. Araha dai ba ta ado.

A taƙaice in taɓa ƙanƙarar, don na san za a tambaya. Binciken Lonnie Thompson na Jami'ar Jihar Ohio ya nuna cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na ƙanƙarar da ke kan dutsen a 1912 ta tafi kafin 2007. Masana na jayayya a kan wanne ya fi laifi, ɗumamar yanayi ko bushewar iskar yankin. Abin da za ku lura da shi shi ne, ruwan da ke shayar da gonakin Wachaga da kogin Pangani mafi yawansa daga kurmin yake fitowa. Ɓacewar ƙanƙarar abin baƙin ciki ne ga ido, ƙonewar kurmin kuwa yunwa ce, kuma gobarar da ta tashi a dutsen a Oktoban 2020 ta yi kwanaki tana ci.

Lokacin zuwa shi ne Janairu da Fabrairu, ko Yuni zuwa Oktoba. A guji Maris zuwa Mayu, damina ce babba, Nuwamba ma akwai ruwa. A tafi da katin rigakafin zazzaɓin shawara, ana tambayar wanda ya fito daga ƙasashenmu. Mai hali ya fara da Dutsen Meru da ke kusa da Arusha, mita 4,566, jikinsa zai gode masa.

Roƙona ga duk wanda ya ƙudurta wannan tafiya a cikinku: ka gwada jininka kafin ka sayi tikiti. Kada ka karɓi ƙasa da kwana 7, in kuɗin bai kai ba ka jira baɗi. Ka tambayi kamfanin nawa yake biyan ɗan dako a rana, sau nawa yake ci, a ina yake kwana. Ranar sallama kuma, tukuicin da ka tanada kada ka dunƙule shi ka miƙa wa jagora. Ka kira kowane ɗan dako da sunansa, ka sa masa nasa a hannunsa a gaban kowa.